In Kiɗa Ya Sake: Darasi a Kan Halartar Bikin Kiɗan Na'ura da Rana

Garin Mubi yana arewacin Jihar Adamawa, a bakin kogin Yedzaram, a gindin duwatsun Mandara waɗanda suka yi iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru. A zamanin mulkin mallaka yankin yana cikin ƙasar da ake kira Arewacin Kamaru, wadda Ingila ta riƙa bayan an karɓe ta daga hannun Jamus. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, mutanen yankin suka zaɓi su haɗu da Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Daga baya ta shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da Jihar Gongola a 1976, sa'an nan Jihar Adamawa a 1991. Gari ne na kasuwa, musamman kasuwar shanu, kuma mahaɗa ce ta al'ummu iri iri: Gude, da Fali, da Fulani, da Njanyi, da Higi, da Margi, da Hausawa, kowace da irin kiɗanta da rawarta. Har wa yau gari ne na ɗalibai, domin akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002.

Inda matasa suka yi yawa haka, ba a rasa shagali. Amma wanda ya daɗe bai leƙa wurin wasan samari ba zai tarar abubuwa sun sake. A bikin aure, ko wasan Salla, ko na Kirsimeti, ko shagalin da ɗalibai kan shirya bayan jarrabawa, sau da yawa ba makaɗa zai gani ba. Zai ga an jera manya manyan lasifika an ɗora wata kan wata, janareta na ruri a gefe, ga wani saurayi tsaye bayan tebur da kwamfuta a gabansa, shi ne wanda ake kira dije. Wannan saurayi shi kaɗai ya maye gurbin mai kalangu da mai ganga da 'yan amshi gaba ɗaya. A wasu ƙasashe abin ya girma har ya zama biki mai zaman kansa, wanda akan yi a fili tun daga hantsi har faɗuwar rana, mutane dubbai su sayi tikiti su shiga. Wannan darasi bai zo domin ya kwaɗaitar da kowa zuwa irin wannan wuri ba, kuma bai zo domin ya hana ba, gama wannan magana ce ta iyaye da malaman addini da hukumomin kowane gari. Manufarsa ita ce wanda ya je ya san abin da zai tarar, ya komo gida da jinsa da lafiyarsa.

Asalin kiɗan na'ura

Abin da ake nufi da kiɗan na'ura shi ne kiɗan da ba fata ko tsirkiya ko busa ke fitar da sautinsa ba, wutar lantarki ce ake sarrafawa ta zama amo. A 1964 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Robert Moog ya fito da na'urar haɗa sauti wadda ake latsawa kamar fiyano. A shekarun 1970 wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Jamus, mai suna Kraftwerk, ta shahara da yin kiɗa da irin waɗannan na'urori. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya ƙera wani ɗan akwati da ake kira TR-808, wanda ke buga ganga da kansa bisa ga tsarin da aka ba shi, ba ya sauri ba ya jinkiri. Baƙaƙen fata na Amurka su ne suka ɗauki waɗannan kaya suka mai da su kiɗan rawa: a birnin Shikago aka sami salon da ake kira House, a birnin Detroit kuma aka sami tekno, dukansu a cikin shekarun 1980.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Afirka 'yar kallo ce a wannan fage. A birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar, Mamman Sani ya ɗauki kaset na kiɗan fiyanon lantarki a 1978, inda ya zuba karin waƙoƙin gargajiya na ƙasarsa a cikin na'ura, gidan rediyo da talabijin na ƙasar suka yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. A Inugu, William Onyeabor ya yi ta fitar da fayafayai na irin wannan kiɗa daga 1977 zuwa 1985. A maƙwabciyar Mubi, watau Kamaru, an yi Francis Bebey, haifaffen Duwala, wanda ya haɗa kayan kiɗan gargajiya da na lantarki. Ko waƙoƙin finafinan Hausa da ake ji a kowace tasha da kowane shagon caji, yawancinsu da fiyano da kwamfuta ake kaɗa su. Ashe kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da kiɗan na'ura, sunan ne kawai baƙo.

Fitar da kiɗan daga ɗakin rawa na dare zuwa fili da rana, wannan a Turai ya bunƙasa. A 1989 wasu mutane kamar 150 suka yi jerin gwano da kiɗa a wani titi na birnin Balin, suka sa wa taron suna Love Parade. Kafin shekara goma ta cika masu halarta sun haura miliyan ɗaya. A ƙasar Beljiyam ana yin bikin Tomorrowland tun 2005. A Afirka kuwa akwai bikin Nyege Nyege, wanda aka fara a 2015 a Jinja ta ƙasar Yuganda, kusa da mafarin kogin Nilu. A 2022 majalisar dokokin ƙasar ta nemi a hana shi saboda ƙorafin lalata tarbiyya, daga baya gwamnati ta yarda a yi shi bisa sharuɗɗa. Wannan ya nuna cewa muhawarar da ake yi a kan irin wannan shagali a garuruwanmu ba mu kaɗai ke yin ta ba.

Bambancinsa da dandali

A nan ne ainihin darasin yake, saboda haka ya kamata a tsaya a duba da kyau. Rawa a fili ba sabon abu ba ce a ƙasar nan. An san dandali, an san kalankuwa bayan girbi, an san gaɗa da sharo, kuma al'ummun duwatsun Mandara suna da bukukuwansu na kaka da na shigar samari sahun manya. Amma a tsohon tsari akwai wasu birki waɗanda ba wanda ya kafa su da doka, suna cikin yanayin wasan ne. Makaɗi ɗan Adam ne, hannunsa kan gaji, maƙogwaronsa kan bushe, dole ya tsaya ya sha ruwa, masu rawa su ma su sami sarari su huta. Yana kallon 'yan rawa, in ya ga sun yi laushi sai ya sassauta. Ƙarfin sautin ganga bai wuce ƙarfin damtsen mai bugunta ba. Galibi kuma da yamma ko da farin wata ake wasan, bayan rana ta yi sanyi. Ga Sarkin Samari da manyan unguwa waɗanda suka san kowa da ɗan gidan da yake, in yaro ya faɗi an san ƙofar da za a kai shi.

Na'ura ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ta gajiya, ba ta jin ƙishirwa, ba ta ganin wanda ya galabaita. Aikin dije ma shi ne ya haɗa ƙarshen wannan kiɗa da farkon wancan yadda ba za a ji giɓi ba, har a yi sa'a shida ko takwas amo bai yanke ba. Bugun irin wannan kiɗa yakan kai 120 zuwa 130 a minti ɗaya, wani ya fi haka, alhali zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa 60 zuwa 100 ne. Ƙarfin sautin kuwa ba shi da iyaka sai iyakar janareta da lasifika. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Hutun da makaɗi ke ba mai rawa a da ba tare da ya roƙa ba, yanzu tilas mai rawa ya ba kansa.

Kunne

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar amo su aika da shi ƙwaƙwalwa. Amo mai tsanani yakan kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero. In abin bai daɗe ba sukan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu. In aka yi ta maimaitawa sai su mutu, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Har yanzu babu allura ko ƙwaya da ke komo da shi. Abin da ya sa wannan cuta ta zama mai yaudara shi ne ba ta da zafi, ba ta fid da jini, kuma a hankali take ci. Saurayi ɗan shekara ashirin ba zai lura ba sai ya kai arba'in, ya ga yana jin ana magana amma ba ya rarrabe kalmomi in ana hayaniya, yana ta cewa a maimaita.

Ana auna ƙarfin amo da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Bisa ga ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi, mutum zai iya zama cikin amo mai desibel 85 har sa'a 8 a yini. Amma lissafin desibel ba kamar lissafin mudu ba ne: duk sa'ad da aka ƙara 3, ƙarfin amon ya ninka, lokacin da kunne zai jure kuwa ya rabu biyu. Watau a desibel 88 sa'a 4 ne, a 91 sa'a 2, a 94 sa'a 1, a 97 minti 30, a 100 kuwa minti 15 kacal. A gaban lasifikar babban biki amo yakan kai 100, har ya wuce. Ke nan wanda ya tsaya a nan daga azahar zuwa la'asar ya ci rabon kunnensa na kwanaki da yawa a zama ɗaya. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren shagali, inda ta ce kada matsakaicin amo ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda kiɗa mai ƙarfi.

Ba kowa ke da na'urar awo ba, amma akwai awon da ba ya bukatar kuɗi. In mutum yana tsaye da abokinsa, tsakaninsu bai wuce tsawon hannu ba, amma sai ya ɗaga murya sosai kafin abokin ya ji, to amon wurin ya kai inda yake cutarwa. Magani na farko shi ne nisa, kuma a nan fili ya fi ɗaki alheri, tun da babu bango da zai komo da amo. A sarari, duk sa'ad da mutum ya ninka nisansa da lasifika, amon yakan ragu da kimanin desibel 6. Wanda ya tashi daga taku biyar ya koma taku goma ya ninka lokacin da kunnensa zai jure har sau huɗu, kuma kiɗan bai ɓace masa ba. Na biyu, a riƙa fita daga cikin amon ana hutawa bayan kowace sa'a. Na uku, akwai ɗan abin toshe kunne na soso da ake sayarwa a kantin magani da wurin masu kayan aikin gini, ba shi da tsada. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tare wani abin kirki. Wanda ya koma gida kunnensa na ƙugi, ko yana jin magana kamar daga cikin rijiya, ya sani kunnen ya ji jiki, ya nisanci amo na kwana biyu. In bai daina ba ya je asibiti. Jarirai da ƙananan yara kuwa ba su da abin yi kusa da lasifika ko kaɗan, ko da a goye suke.

Zafin rana da ruwan sha

Bukukuwan Turai da matasa ke gani a waya ana yin su ne a ƙasashen da zafinsu na bazara galibi bai kai namu ba. A Mubi da sauran garuruwan arewa, daga Maris zuwa farkon Mayu zafi yakan kai digiri 40 da tsakar rana. Kwaikwayon bikin wata ƙasa ba tare da duba rana irin tamu ba ganganci ne. Jikin mai rawa yana haifar da nasa zafin daga ciki, rana na ƙara masa daga sama, jikin mutanen da ke kewaye da shi na tare masa iska. Hanyar da jiki ke sanyaya kansa ita ce gumi, kuma mai rawa a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a sa'a guda.

Saboda haka a sha ruwa tun kafin a bar gida, kuma kada a jira sai ƙishirwa ta kama. Ruwan leda ɗaya rabin lita ne. Ɗaya a kowane rabin sa'a ya wadatar da mai rawa. Amma kada a wuce gona da iri a ɗura lita biyu ko uku a lokaci guda, domin gumi yana fita da gishirin jiki, in aka cika ciki da ruwa zalla ba a ci kome ba gishirin jini yakan ragu har ya kai ga suma. A ci abinci, a sha kunu ko fura, ko a haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, da rabin cokali na gishiri. Fitsari shi ne shaida: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwan jiki ya ragu. A sa tufafi masu sauƙi marasa duhu, da hula ko malafa, a kuma san inda inuwa take tun da shiga.

Akwai mataki biyu na cutar zafi, kuma sanin bambancinsu yana ceton rai. A na farko mutum yakan ji jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, da ɗaurewar jijiyar ƙafa, gumi na karyo masa, amma yana cikin hankalinsa. Wannan a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan, kada ya koma rawa a wannan rana. A na biyu jiki yakan yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko ya yi ta faɗa ba dalili, ko ya yi tangaɗi ya faɗi yana fizge-fizge. Sau da yawa a nan ake kuskure, wasu su ce maye ne su yi dariya, wasu su ce iska ce ta buge shi su tsaya tofi. Addu'a ba ta hana a ɗauki mataki. A jiƙa masa jiki duka da ruwa, a yi ta yi masa fifita, a kwantar da shi ta gefe domin kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa kome a baki, sa'an nan a garzaya da shi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Minti kaɗan ne tsakanin warkewa da lalacewar ƙwaƙwalwa ko ƙoda.

Ƙwayoyi

Tun da na'ura ba ta gajiya, akwai masu neman abin da zai hana su gajiya su ma, kuma akwai 'yan kasuwar da ke jiran su a bakin ƙofa. A ƙasashen waje ƙwayar da ake kira Ekstasi ita ce ta fi kashe matasa a irin waɗannan bukukuwa, domin tana ɗaga zafin jiki, tana kuma ɓoye wa mutum gajiyarsa har ya faɗi. A nan gida abin da aka fi sani shi ne tiramadol, da maganin tari mai kodin, da wiwi, da giya. Tiramadol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya da tsayawar numfashi, giya kuwa tana ƙara fitar da ruwan jiki. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi. Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, watau NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana da ikon kama mai sayarwa da mai riƙewa. Kada a karɓi abin sha da aka riga aka buɗe daga hannun wanda ba a sani ba, wannan gargaɗi ya fi shafar 'yan mata. In kuwa aboki ya sha wani abu ya faɗi, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Rufa masa asiri a wannan lokaci yana iya zama sanadin ajalinsa.

Cinkoso da ƙofa

Ran 24 ga Yuli, 2010, aka yi bikin Love Parade a birnin Duisburg na Jamus, a filin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Masu shiga da masu fita duk hanya ɗaya suke bi, ta ƙarƙashin wata gada zuwa wani gangare. Da ɓangarorin biyu suka haɗu aka matse, mutum 21 suka mutu, fiye da 500 suka ji rauni, daga nan ba a sake yin bikin ba. Wannan ya faru ne a ƙasar da ta yi suna wajen tsari. A nan gida ma, ran 18 ga Disamba, 2024, yara 35 suka rasu a turmutsutsun wani taron shagali na yara a Ibadan. A cikin wannan mako aka sake yin irin wannan rashi a Okija ta Jihar Anambra da kuma Abuja, a wurin rabon abinci.

Yawancin waɗanda ke mutuwa a cinkoso ba tattakewa ce ke kashe su ba, matsewar ƙirji ce ke hana su numfashi, wasu ma suna tsaye. Masana sun ce in mutum biyar ko fiye suka taru a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, an shiga haɗari. Alamar da mutum zai gane da ita ita ce ya ji ana taɓa shi ta kowane gefe, taron na kai shi inda bai nufa ba kamar ruwa ya ɗauki kara. To a nan ya fara neman fita tun da sauran hali. Ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirji kamar ɗan dambe domin ya bar wa huhunsa wuri, kada ya yi kokawa da taron, ya riƙa zamewa a karkace zuwa gefe, ya nisanci bango da shinge. Takalmi ko waya in sun faɗi a bar su. Wanda ya ga wani ya faɗi ya ɗaga shi nan take, gama faɗuwar mutum ɗaya ita ke jawo ta goma.

Aikin farko na mai shiga fili shi ne ya duba ƙofofi kafin ya duba dandamali. In ƙofa ɗaya ce tak, ko an sa wa sauran kwaɗo domin hana masu shiga ba tikiti, hikima ita ce ya tsaya kusa da mafita ko ya koma gida. Mutanen Mubi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan tsaron taro. Sun ga harin bam na ran 1 ga Yuni, 2014, a unguwar Kabang, inda jama'a suka taru don kallon ƙwallon ƙafa, sun kuma ga yadda 'yan Boko Haram suka mamaye garin a watan Oktoba na wannan shekara kafin a ƙwato shi a Nuwamba. Saboda haka binciken jaka da aljihu a bakin ƙofa ba wulaƙanci ba ne, a yi haƙuri da shi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Haƙƙin da ke kan masu shiri

Duk abin da aka faɗa a baya ba ya sauke nauyi daga kan wanda ya tara jama'a ya karɓi kuɗinsu. Wajibi ne ya sanar da 'yan sanda da ƙaramar hukuma tun da wuri, ya tanadi rumfuna da ruwan sha da makewayi na maza da na mata dabam dabam, da ma'aikacin lafiya da motar da za ta kai mutum asibiti, kuma kada ya sayar da tikiti fiye da abin da filin zai ɗauka. Janareta a ajiye shi nesa da jama'a a inda iska ke kaɗawa, domin a cikin hayaƙinsa akwai guba marar wari wadda ke kashewa. Wayoyin lantarki a rufe su, lasifikar da aka ɗora a ɗaure ta tamau. A farkon damina hadari yakan taso da guguwa ba sallama, in aka ga walƙiya a kashe na'ura a sallami mutane.

Sa'an nan akwai waɗanda ba su sayi tikiti ba amma amon ya iske su har ɗaka: majinyaci, da mai jego, da ɗalibi mai karatu, da tsoho. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, watau NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokokin taƙaita amo a 2009, waɗanda suka sa iyaka ga amon da za a yi a unguwannin zama da rana da kuma da dare. Bikin rana yakan ci karo da sallar azahar da la'asar, in Lahadi ce kuma da lokacin sujada a coci. A gari irin Mubi, inda masallaci da coci ke maƙwabtaka a unguwa guda, mai shiri ya juya bakin lasifika daga wajen gidaje da wuraren ibada, ya tsai da kiɗa in an kira salla. Wannan tsayawa ta minti ashirin tana da wani amfani kuma, domin a cikinta ne masu rawa za su zauna a inuwa su sha ruwa.

Lokacin tashi ma a tsara shi. A rufe tun rana ba ta faɗi ba, a buɗe dukan ƙofofi, a rage ƙarfin kiɗa a hankali domin mutane su fita kashi kashi. Waɗanda suka zo tare su ajiye wurin haɗuwa tun da farko, wata bishiya ko wani shago a wajen fili, tun da waya kan mutu ko layi ya cushe. Su ƙirga kansu kafin su tafi, kuma kada a bar wanda ya sha wani abu, ko wanda jiri bai sake shi ba, ya tuƙa babur ko mota.